Yadda ake cin moriyar littafin wasa ƙwaƙwalwa, daga saye a kasuwa har zaman fada

Duk wanda ya saba bi ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, a kewayen babbar kasuwar Yamai, ya san irin littafin da nake nufi. Yana nan kwance tsakanin littattafan lakwal da tsofaffin mujallu, bangonsa cike da ƙananan gidaje da lambobi, an rubuta sudoku ko mots fléchés, wato wasan cike gurabe da kalmomi, da manyan baƙaƙe. Mutum ya saya da zumuɗi, ya cika shafi biyar na farko, ya cije a na shida, ya leƙa amsa a baya ya kwafa. Daga nan littafin ya koma abin fifita idan an ɗauke wuta.

Laifin ba na littafin ba ne, na hanyar da aka bi ne. Amsa dai tana can a shafin ƙarshe tun daga wajen ɗab'i, ba ita ka ba da kuɗinka a kai ba. Abin da ka saya shi ne dalili, wato ka iya cewa ga abin da ya sa 6 ta zauna a wannan gurbi, ba 8 ba. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suke.

1. Ka san abin da littafin zai ba ka

Masu buga irin waɗannan littattafai ba su da kunyar alƙawari a bango. A 2010 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken da Adrian Owen da abokan aikinsa suka yi a Ingila, inda mutum 11,430 suka yi mako shida suna atisayen ƙwaƙwalwa ta intanet. Sun ƙware a wasannin da suka yi ta maimaitawa, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa ayyukan da ba su yi atisayensu ba. A 2016 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar wasannin ƙwaƙwalwa, ya biya dalar Amurka miliyan 2 saboda tallan da ya wuce abin da yake da hujja a kai.

Saboda haka kada ka saya wa yaronka littafin sudoku da tunanin zai ɗauke masa karatun jarrabawar BEPC ko Bak. Sudoku tana koyar da sudoku. Sai dai tana zuwa da wani ɗan guzuri da ni nake ganin ya isa dalilin saye: mutum ya zauna rabin awa a kan matsala guda ba tare da ya taɓa waya ba, kuma ya saba da tambayar kansa hujja kafin ya rubuta.

2. Zaɓi iri ɗaya tukuna

Galibin abin da za ka samu a Yamai da Faransanci yake, don haka harshe shi ne ma'aunin farko. Sudoku ba ruwanta da harshe, ba ma ruwanta da lissafi, domin da za a cire lambobin a sa hotunan dabbobi tara wasan ba zai canza ba. Wanda ya yi makarantar allo kaɗai yana iya kayar da mai digiri a cikinta. Wasannin kalmomi kuwa suna son ƙamus a kusa, kuma masu shirya su Faransawa suke nufi: za su tambaye ka sunan wani ɗan kogi mai harafi biyu a arewacin Faransa, Aa, wanda ba shi da wani amfani gare ka a unguwar Bukoki. Ɗalibi mai son ƙara kalmomi ya fara da mots fléchés matakin farko. Mai shirin jarrabawar shiga aiki ya nemi littafin jerin lambobi da siffofi, irin wanda ake rubuta tests psychotechniques a bangonsa. Sai littattafan dabara, masu labarin ƙetare kogi da awon ruwa, waɗanda su suka fi daɗi a cikin taro.

Ɗaya za ka ɗauka. Mai sayen uku rana guda ba ya gama ko ɗaya.

3. Bincika kafin ka yi ciniki

Fara buɗe bayan littafin. In an yage shafukan amsa, ajiye shi, domin ko ba za ka kwafa ba kana bukatar wurin tabbatarwa. Sannan ka bi shafuka da babban yatsa ka ga nawa mai shi na farko ya cike. Wanda aka cike da fensir yana goguwa, wanda aka cike da bik ya tafi ke nan, kuma wannan hujja ce ta neman ragi. Duba ko an raba shi mataki-mataki, daga facile zuwa moyen zuwa difficile, wato mai sauƙi, matsakaici da mai wuya. Littafin da ya fara da mai wuya tun shafin farko ba na mai koyo ba ne, komai arhar sa.

Ga wata ƴar dabara ga mai sayen sudoku. A 2012 Gary McGuire na wata jami'a a Dublin ya tabbatar da kwamfuta cewa sudoku ba ta samun amsa ɗaya tak idan lambobin da aka bayar ba su kai 17 ba. In ka ƙirga ka ga ƙasa da haka, littafin aikin ganganci ne. Amma kada ka ɗauka yawan lambobi shi ne sauƙi. Inda aka ajiye su ya fi yawansu tasiri.

Daga ƙarshe ka tsuguna ka gwada na farko da ido. In cikin minti biyu ka gano gurbi ɗaya ko biyu da hujjarsu, matakinka ne.

4. Kayan aiki da lokaci

Fensir, abin gogewa, da kaye mai ƙananan gidaje irin na lissafi. Bik haramun ne a wannan sana'a. Amfanin kayen biyu ne. Na farko, kana zana wasan a ciki ka bar littafin da tsabta, ƙanenka ko matarka su yi bayanka. In ka kwafi lambobin ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya, don lamba guda da ta zame gurbi tana iya cinye maka yamma a banza. Na biyu, a gefen kowane wasa ka rubuta kwanan wata, mintin da ya ci, da wurin da ka cije.

Lokaci kuwa, minti ashirin zuwa talatin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Bayan asuba ya fi, ko tsakanin la'asar da magariba. A watan Afrilu da Mayu kada ka gwada da tsakar rana, ba kai za ka yi ba, zafi ne zai yi.

5. Sudoku, daki-daki

Wasan ya fara fita a wata mujallar Amurka a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984 ya ba shi sunan da muka sani, jaridar Times ta Landan ta fara buga shi a ƙarshen 2004, daga nan ya game duniya. Gurbi 81 ne: layin kwance tara, layin tsaye tara, da ɗaki tara, kowane ɗaki mai gurbi tara. Ƙa'ida ɗaya ce. Kowace lamba daga 1 zuwa 9 za ta fito sau ɗaya a kowane layi da kowane ɗaki.

Kada ka fara da gurbin farko na sama kamar mai karanta wasiƙa. Fara da lambar da ta fi yawa a shafin. A ce 5 ce. Dubi ɗakuna uku na sama. Akwai 5 a layi na ɗaya cikin ɗakin hagu, akwai wata a layi na biyu cikin ɗakin tsakiya. Ke nan 5 ta ɗakin dama ba ta da wurin zama sai layi na uku, kuma gurbi uku ne kawai a can. Ɗaya an riga an cike shi. Ɗaya kuma in ka gangara da ido ta layinsa na tsaye za ka tarar da wata 5 a ƙasa. Saura ɗaya. Rubuta. Ka bi duk lambobi tara haka, sannan ka sake zagayowa, domin kowace lamba da ka sa tana buɗe wata ƙofa.

Idan wannan ta ƙare, koma kan layin da ya kusa cika. A ce wani layin kwance yana da 1, 2, 4, 5, 7 da 9. Abin da ya rage 3, 6 da 8, gurabe uku kuma kowanne a ɗakinsa. Gurbi na farko, layinsa na tsaye yana da 3 da 8, don haka 6 ce. Na biyu, ɗakinsa yana da 3, don haka 8 ce. Na ukun ya zama 3 ba gardama.

A matakin tsakiya waɗannan biyun ba sa kai ka gida. Nan ake fara ƙananan rubutu: a kusurwar gurbi ka sa lambobin da za su iya zama, da ɗan siririn fensir. Shawarata kada ka cika shafin da su. Rubuta kawai inda zaɓi bai wuce biyu ba, in ba haka ba idonka zai ruɗe. Abin da kake farauta shi ne tagwaye. In gurbi biyu a layi ɗaya kowannensu ba ya karɓar komai sai 2 ko 7, to ba ka san wanne ne wanne ba, amma ka san 2 da 7 sun ƙare a wannan layin. Goge su daga sauran guraben layin. Sau da yawa wani gurbi mai zaɓi uku zai koma ɗaya nan take.

Abin da ba a yi shi ne canki. Wanda ya ce bari in sa 4 in gani, zai yi gaba da gurbi goma sha, sannan ya tarar da 4 biyu a layi ɗaya, bai kuma san daga ina ɓarnar ta faro ba. Kafin fensir ya taɓa takarda ka faɗi hujjar a ranka, ko ma a bayyane. In babu hujja, bar gurbin fanko.

6. In ka cije

Za ka cije, kuma nan ne ainihin wasan yake. Ka ba shi minti goma kana sauya hanya: in da lamba kake bi, koma bin layi, in layi ne koma ɗaki. Bai buɗe ba, rufe littafin ka tashi. Gobe da safe abin da ya ɓuya yakan fito fili a kallon farko.

Sai a rana ta biyu aka yarda ka leƙa baya, shi ma da sharaɗi. Rufe shafin amsar da takarda, ka buɗe gurbi ɗaya tak. Ka dawo ka nemi abin da ya sa lambar nan ce, ka rubuta shi a kaye da kalmominka: "Ban duba layin tsaye ba", ko "tagwaye ne ban gani ba". Bayan wata guda ka karanta gefen kayen. Za ka ga kuskurenka ba su da yawa, iri biyu ne ko uku suke ta dawowa da sabuwar riga.

In ka gano lamba biyu iri ɗaya a layi, kada ka tsaya faci. Goge duka ka sake daga farko.

7. Jerin lambobi, awon ruwa da hatimi

Jerin lambobi yana da mabuɗin da ke buɗe mafi yawansu: rubuta tazarar da ke tsakani. Ga 2, 6, 12, 20, 30. Tazarar ita ce 4, 6, 8, 10, mai zuwa 12, amsa 42. In tazara ba ta nuna komai ba gwada ninki, in shi ma shiru duba ko jeri biyu ne aka saƙa, na ɗaya da na uku da na biyar a gefe, na biyu da na huɗu a gefe.

Tambayoyin dabara kuwa ba a yin su da ka. Zana su, ko ka ɗauko tsakuwa. Mai ga-ruwa yana da bido mai cin lita 5 da wani mai cin lita 3, ana son lita 4 cif. Yi layi biyu a kaye, ka riƙa rubuta abin da ke cikin kowanne bayan kowane juyi: 5 da 0, sai 2 da 3, sai 2 da 0, sai 0 da 2, sai 5 da 2, sai 4 da 3. Ga lita huɗunka a babban bido. Haka labarin mai kwalekwale da kura da akuya da damin harawa, wanda ba ya ɗaukar fiye da abu ɗaya. Ƙetare bakwai ne, kuma inda mutane ke maƙalewa shi ne ba sa kawo wa ransu cewa ana iya dawowa da akuyar bayan an kai ta.

Akwai babin da nake so kowa ya tsaya a kai, wato murabba'in lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Littattafan Turawa suna kawo shi kamar baƙon abu, alhali malamanmu sun daɗe suna zana hatimi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bakatsine, ya yi rubutu da Larabci a kan irin waɗannan murabba'ai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ga wata sananniyar hanya ta cike mai gida uku-uku. Sa 1 a tsakiyar layin sama. Kowace lamba mai zuwa tana tafiya gurbi ɗaya sama, gurbi ɗaya dama. In ta fita ta sama ta shigo ta ƙasa, in ta fita ta dama ta shigo ta hagu. In ta tarar da mai gida a gurbin, sai ta sauka ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Za ka samu 8, 1, 6 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 4, 9, 2 a ƙasa, ko ta ina ka tara 15 ne, har ta kusurwa. Gwada da mai biyar-biyar, jimlarsa 65, sannan mai bakwai-bakwai, 175. Hanyar ba ta aiki a mai huɗu ko shida, kada ka wahalar da kanka.

8. Kai shi fada

Littafin da ya tsaya a ɗaka yakan mutu a shafi na ashirin. A fada kuwa akwai agogo na halitta. Kowa ya kwafi wasa ɗaya a takardarsa lokacin da aka ɗora shayi a wuta. Har a sha na farko ba mai magana. Tsakanin na farko da na biyu an yarda mutum biyu su haɗa kai. A na uku wanda ya gama ya tashi ya yi bayani, kuma dokar ita ce wanda ya kawo amsa bai kawo hujja ba bai ci ba, shi zai wanke kofuna. Kada a sa kuɗi. Da zarar dala ta shiga, wani zai fara leƙen waya.

Wannan doka ba sabuwa ba ce ga wanda ya taɓa tsugunawa kusa da dattawa masu dara. Gurbi 30 a ƙasa, biyar a shida, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, ana neman jera uku a ci na abokin wasa. Ka sa ɗa inda bai dace ba, tsoho ba zai ce ka yi kuskure ba. Cewa zai yi, "Yaro, me ka gani a nan?" In ka ce, "Baba, na dai sa ne," to ka gama faɗuwa tun kafin a ci ka. Wanda littafi ya fara gundura ya je ya yi mako guda a gindin bishiyar nan, zai dawo wa sudoku da wani ido.

A gida ma haka. Uwa da ƴarta budurwa suna iya raba shafi ɗaya, wannan ta bi layukan kwance waccan ta bi na tsaye. Sai dai babba ya kama bakinsa. In kin riga ta gani, ki tambaye ta wace lamba ce ta rage a ɗakin nan, kada ki nuna mata gurbin.

9. Rubuta naka da Hausa

Kayen nan yana da sauran aiki. Juya shi ta baya ka fara tara naka. Mafi sauƙi shi ne ɓoye kalmomi: zana gida goma a goma, zaɓi kalmomi goma sha biyu masu jigo ɗaya, kamar garuruwa, Tawa, Ƙonni, Madawa, Dogon Dutsi, Maraɗi, ka fara shimfiɗa dogayen, wasu a kwance wasu a tsaye, sannan ka cike sauran guraben da haruffa barkatai. Tun farko ka yanke hukunci a kan sh da ts, gurbi ɗaya za su ci ko biyu, ka rubuta a saman shafi. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kuma kowanne harafi ne mai zaman kansa, kada ka bari k ta tsaya a madadin ƙ, in ba haka ba gardamar da za a yi ta fi wasan tsawo.

Sai kacici-kacici. Zauna da kakarka ko wata gwaggo da dare ka ce, "Iya, ba ni na dā." Za ka ji irin su shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, wato tsintsiya, da baba na ɗaka gemu na waje, wato wuta da hayaƙi. Rubuta su yadda ta faɗa, da karin harshen garinsu, kada ka gyara mata. Tambaya a shafin dama, amsa can bayan kaye da lamba. Wanda ya kasa kuma ya ba da gari kamar yadda aka saba kafin a buɗe masa.

Duk wasan da ka ƙirƙira, ba wa mutum biyu su gwada a ɓoye kafin ka kai shi taro. In sun kawo amsa biyu mabambanta kuma dukansu sun bi ƙa'ida, wasan ne ke da rami, sai ka ƙara sharaɗi ɗaya ka sake gwadawa. Littafin kasuwa kuma, in ka ga wasa uku a jere sun faɗi ƙasa da minti goma ba tare da ƙananan rubutu ba, ka tsallaka zuwa mataki na gaba ko da saura shafuka. In matakan sun ƙare, goge abin da ya gogu ka mayar wa mai baza littattafai, ka cika kuɗi ka ɗauko wani iri dabam da wanda ka gama.